Tsagar da gam ba ya ɗinkewa: tsofaffin motocin gudu da robar cikin injinsu

Duk bakaniken da ya saba da Porsche Boxster ta farko, wadda aka ƙera daga 1996 zuwa 2004, ya san inda zai kai hannu idan mai mota ya zo yana ƙorafin but ɗin baya na wani wari mai zaƙi-zaƙi. Zai ɗage kafet ɗin gefen dama, ya tarar ƙarƙashinsa ya jiƙe sharkaf, ga wani farin gari ya bushe a jikin ƙarfe. A wannan lungun kamfanin ya ɓoye tankin ruwan sanyaya inji, tankin roba da ya fito daga masana'anta fari tas, yanzu kuwa ya koma ruwan ƙwai. Idan mota ta huce, ido ba ya ganin tsagar da ke jikinsa. Sai an ɗaura famfon gwaji a bakin tankin, an buga iska har allura ta kai inda take kaiwa lokacin da inji ke aiki, sannan a ga wani siririn layi ya fara gumi, ɗigo ya taru ya gangaro. A nan ne ake ba mai mota shawarwari iri-iri. Wani ya ce a liƙe da gam, wani ya ce a nemo na hannu a kasuwa, wani ya ce a huta da roba gaba ɗaya a sa na alminiyum, wani kuma ya ce tunda ɗigo ne kawai a riƙa ƙara ruwa ana tafiya. A ganina dukkansu sun ɗauki tsagar a matsayin tsautsayi da ya faɗa wa wuri guda, alhali tsufa ce da ta game jikin robar duka. Robar da ke riƙe ruwan zafi a cikin inji kaya ce mai wa'adi, ajinsu ɗaya da bel da taya, kuma gyaran gaskiya shi ne a canza ta da sabuwa, ita da sa'o'inta da suka tsufa tare, a kuma ajiye maganar ƙarfe sai inda aka ga dalilinsa.

Yana da kyau a san yadda robar ta shiga wannan mota tun farko. A farkon shekarun 1990 kamfanin Porsche ya kusa durƙushewa, motocin da ya sayar a 1993 ba su kai 15,000 ba. Wendelin Wiedeking, wanda ya karɓi ragamar kamfanin a wannan shekarar, ya gayyato ƙwararru daga Japan, tsofaffin ma'aikatan Toyota, suka koya wa masana'antar Zuffenhausen da ke Stuttgart yadda ake rage ɓarna da tsimin kuɗi. A wannan zamanin aka zana motoci biyu a tare, Boxster da sabuwar 911 mai lamba 996, suka yi tarayya a kayayyaki masu yawa, har da gidan injin da ake kira M96. Ita 996, wadda ta fito a 1997, ita ce 911 ta farko da ruwa ke sanyaya injinta. Duk waɗanda suka gabace ta tun 1964 iska da mai ne ke yi musu wannan aiki. Dokokin hayaƙi da na ƙarar inji, da buƙatar bawul huɗu a kowace silinda, su suka tilasta wannan sauyi. Sakamakonsa shi ne mota mai lagireto biyu a hanci, inji a tsakiya ko a baya, dogayen bututu a ƙarƙashi suna haɗa su, ruwa wajen lita 20 yana zagaye, ga tankin roba da famfo mai farfelar roba. An ƙera Boxster ta farko sama da 160,000, an ƙera 996 kimanin 175,000. Mafi ƙuruciya a cikinsu yau ta ba shekara 20 baya, kuma da yake suna cikin Porsche mafi araha a kasuwar motocin hannu, da yawa sun faɗa hannun mutanen da suka iya kuɗin saye amma kuɗin riƙo ke yi musu nauyi.

Masu cewa rowa ce kawai ta sa aka cusa roba a inji sun faɗi wani yanki na gaskiya, don roba ta fi arha, kuma zubi ɗaya yana fitar da abin da da ƙarfe ne sai an haɗa gutsattsari biyar. Amma ba nan zancen ya tsaya ba. Nailan ɗin da Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont a 1935, idan aka cakuɗa shi da zaren gilashi, yana da ƙarfin gaske ga rashin nauyi, ba ya tsatsa, ba ya ɗaukar zafi da sauri irin na ƙarfe. Tun 1972 Porsche ta sa manifol na nailan a 911, wajen 1990 kuma BMW ta sa shi a injinta mai silinda shida. A wurin manifol, wanda iska ce ke bi ta cikinsa, roba ta fi alminiyum ta fuskoki da dama: cikinta sumul yake, iskar ba ta ɗumama sosai kafin ta shiga silinda, nauyin kuma ya ragu ƙwarai. Duk wanda ya juya baƙin murfin lagireto ko gidan tamostat na motar Turai ya duba bayansa zai iya ganin an buga PA66-GF30, ma'ana nailan ne mai kashi 30 cikin ɗari na zaren gilashi. Tankunan da ake hango ruwa ta jikinsu kuwa galibi wata roba ce daban, mai alamar PP. Injiniyoyin da suka zaɓi waɗannan kaya sun san aikinsu. Sai dai sun auna su ne da rayuwar mota ta yau da kullum, ba su auna su da motar da za a ci gaba da lallaɓawa shekara talatin saboda ƙauna ba.

Yadda robar ke mutuwa shi ne zuciyar maganar, don wanda ya fahimce shi ba sai an roƙe shi ya bar gam ba. Roba dogayen sarƙoƙi ne na sinadari da suka sarƙe da juna, tsawonsu ne ke ba ta juriya, ta lanƙwasa ta dawo ba tare da ta karye ba. Ruwan zafi da gilaikol ɗin da ke cikin ruwan sanyaya inji suna shiga jikin nailan a hankali suna tsittsinka waɗannan sarƙoƙi daga ciki, zafi da iska kuma suna cin sa daga waje. Ita robar PP ruwa bai cika damun ta ba, zafi da iska ne ke gama da ita. Masana'anta kan zuba magungunan kariya a cikin kwaɓin, amma su ma ƙarewa suke yi, ranar da suka ƙare kuwa lalacewar sai ta ƙara sauri. Masu ilimin sinadarai suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa ƙarin digiri 10 na zafi kan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Kowa ya san bokitin robar da aka bari a tsakar gida shekara da shekaru: launinsa ya koɗe, ranar da aka ɗaga shi cike da ruwa sai mariƙin ya ɓalle da guntun baki a hannu, kuma duk inda ka matsa a jikinsa ƙas yake yi. Abin da ke faruwa da tankin mota ke nan, sai dai shi nasa zafin daga ciki yake, ga kuma matsi a kai. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da gilaikol sai ya kai wajen 107, idan kuma aka rufe shi da murfi mai riƙe matsin bar 1 sai ya kusa 130 kafin ya tafasa. Don haka da gangan ake barin matsi ya taru. Bar 1 kuwa daidai yake da nauyin kilo ɗaya a kan kowace santimita murabba'i, wato bangon tanki mai faɗin tafin hannu yana tare nauyin da ya kai kilo 100. Murfin wasu motocin BMW sai matsi ya kai bar 2 yake buɗewa. Duk tayar da mota tankin ya kumbura, duk kashewa ya koma. Motar da ake fita da ita sau biyu a rana, a shekara 20 ta yi wannan kumburi da saɓewa sau 14,600. Shi ya sa tsagar ke farawa a wuraren da aka sani: layin da aka haɗa rabi biyu na tankin, wuyan da tiyo ke shiga, da kunnuwan da aka ɗaure shi da noti.

Ɗigon da ake rainawa kuma ba asarar ruwa ce kaɗai ba. Da zarar tanki ya tsage, matsi ya zube, digirin tafasa ya sauko, sai ruwa ya fara tafasa a wurin da ya fi ko'ina zafi, wato kewayen bawul ɗin fitar hayaƙi a kan silinda. Tururi ba ya ɗauke zafi yadda ruwa ke yi, kan silinda kuwa alminiyum ne, yana lanƙwasa, yana tsagewa. A Boxster da 996 akwai jar fitila a jikin agogon zafi da ke ƙiftawa idan ruwa ya yi ƙasa, amma tsohuwar roba ba ta yi wa kowa alkawarin za ta ci gaba da ɗiga a hankali ba. Tsagar da ta yi wata shida tana gumi tana iya wangalewa a kan babbar hanya cikin daƙiƙa guda.

To, me zai hana a liƙe? Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace farin jini, kuma ba ta wauta ba ce, domin gam na zamani yana riƙe ƙarfe da katako da gilashi riƙo na ban mamaki. Matsalar ta kasu biyu. Ta farko, gam ba ya kama waɗannan robobi yadda ya kamata. Fatar PP santsi gare ta ta fuskar sinadari, kusan duk gam ɗin kasuwa zama yake yi a kanta ba tare da ya shiga ba, nailan ɗin da ya sha gilaikol shekara ashirin kuwa ya jiƙu har ciki, komai gogewa da wankewa sai ya sake tsatso shi a ƙarƙashin gam ɗin. Ga shi gam da roba ba sa kumbura daidai da juna idan sun ji zafi, kowane zagaye sai gefen facin ya ɗan ɗaga. Ta biyu ta fi muhimmanci: ko da facin ya kama, an gyara santimita uku ne a jikin abin da ko'ina nasa ya gaji daidai wa daida. Masu waldar roba, waɗanda ke narka bakin tsaga da zazzafan ƙarfe su cike da sabuwar roba, sun fi masu gam kusa da daidai, amma narkawa ba ta mayar da sarƙar da ta tsinke, kuma zaren gilashin da ke ba kayan ƙarfi ba ya tsallake layin waldar. Facin ma kan zama wuri mai tauri a tsakiyar bango mai motsi, sai sabuwar tsaga ta tashi daga gefensa. Ba na musun amfanin gam ga wanda tanki ya fashe masa a daji da dare. Ya liƙe, ya sassauta murfi don matsi ya ragu, ya lallaɓa zuwa gari idonsa a kan agogon zafi. Abin da nake ƙi shi ne a isa gari a manta, a mayar da dabarar fita kunya ta zama gyara.

Aikin canza tankin kansa yana bayyana dalilin da ya sa mutane ke gudunsa. Kayan ba shi ne mai tsada sosai ba, hannu ne. A Boxster tankin yana but, amma wuyoyinsa sun ratsa bangon ƙarfen da ya raba but da ɗakin inji, tiyoyin kuma a can bayan bangon aka maƙala su, a wurin da ido ba ya kaiwa sai lalube. Dole a jira inji ya huce sarai, don wanda ya buɗe murfi da zafi ruwan zai yi masa feshi a fuska. A zuƙe ruwan, a cire kafet, a zare wayar na'urar da ke auna yawan ruwa a gindin tanki, a ɗage rufin motar zuwa rabi don a buɗe murfin inji ta sama, wani lokaci a shiga ta ƙasa. Kilif ɗin da ke damƙe tiyoyin irin mai sifirin ne, sai da filaya ta musamman mai doguwar waya, wadda ake matsa mariƙinta a waje bakinta na can cikin lungu. Tiyon da ya shekara ashirin a wuya ɗaya ya manne, sai an murɗa shi a hankali, wanda ya yi gaggawa ya sa sukundireba yana ɓanɓara sai ya karya wani wuyan robar da ba a yi niyyar taɓawa ba. A 996 kuwa tankin yana gefen hagu na ɗakin inji, kuma sau da yawa sai an sassauta notin da ke riƙe injin an sauke shi kaɗan kafin tsohon ya fita sabon ya shiga. Bayan an ɗaure komai saura fitar da iska, wanda a mota mai dogayen bututu irin wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai bawul a saman tankin mai ɗan mariƙin waya da ake ɗagawa don iska ta fita, gareji masu kayan aiki kuma suna zuƙe iskar cikin tsarin duka da na'ura sannan su bar ruwan ya shiga da kansa. Ruwan da aka zubar kuma a killace shi, don zaƙi gare shi kuma guba ne, yana kashe dabba, yana kashe yaro.

Wanda ya sha wannan wahala ya canza tanki kaɗai ya mayar da tsohon murfi da tsohon famfo, bai ci ribar wahalarsa ba. Murfin tankin Porsche shi ma an yi ta sake masa fasali saboda na farkon kan bar tururi ya tsere, lambar na baya-bayan tana ƙarewa da 04. Tsarin ruwa kuma abu ɗaya ne a rufe: tsohon tanki mai ɗiga yana rage wa sauran kayan matsi ba da saninsu ba, ranar da aka sa sabo mai riƙe matsi cif, nauyin sai ya koma kan wanda ya fi rauni a cikin waɗanda suka rage. Shi ya sa ake yawan jin mai mota na cewa bakanike ya taɓa masa mota ta lalace, an gyara nan can ya fashe. Masu BMW na wancan zamani, irin su Z3 da aka ƙera a Spartanburg ta Amurka daga 1995 zuwa 2002, sun koyi wannan darasi tun da wuri, har ya zama al'ada a tsakaninsu a sauke lagireto da tanki da gidan tamostat da famfo da tiyoyi a zama ɗaya idan mota ta yi tafiyar kilomita 100,000 zuwa 150,000, ko da babu wanda ya ɗiga. Masu Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, su kuma launi suke kallo: saman lagiretonta baƙi ne wuluk yana sabo, idan ya juya ya zama ruwan ƙasa ko ya yi kore-kore, sun san saura ƙiris.

Sai hujjar masu ƙarfe, wadda ta fi ta masu gam nauyi, don tarihi ya ba ta gaskiya a wurare da dama. A 1996 Ford ta sa wa Mustang GT injin V8 mai lita 4.6 da manifol na nailan zalla, har da hanyar ruwan da ta ratsa gabansa inda tamostat ke zama, a nan kuma aka ɗaure ƙarfen da ke tallafe altaneta. Ruwan zafi ta ciki, jan bel da girgiza ta waje, sai wurin ya riƙa tsagewa yana amayar da ruwa. Injin ɗaya ne a Crown Victoria da Lincoln Town Car, don haka abin ya shafi motoci masu ɗimbin yawa. Kamfanin ya koma yin wannan hanyar ruwa da alminiyum a farkon shekarun 2000, a 2005 kuma aka sasanta ƙarar haɗin gwiwa da masu motoci suka shigar a Amurka, aka tsawaita garantin kayan zuwa shekara bakwai. Porsche ma ta sha irin wannan a Cayenne mai V8 ta 2003 zuwa 2006, inda bututun ruwa na roba ke kwance a kwarin inji ƙarƙashin manifol, idan sun fashe ruwan ya zuba a kan kik. Ita ma ta fitar da na alminiyum a madadinsu, ita ma ta ƙare da sulhu a kotun tarayya a jihar Ohio. Jaguar XK8 ta 1996 tata matsalar ba ta ruwa ba ce: abin da ke ɗame sarƙar taimin jikinsa roba ne, zafi da baƙin mai suka gasa shi, ya tsage, sarƙa ta yi sako-sako. Alamar farko ƙarar kwaram-kwaram ce da safe idan an tayar da mota. Idan sarƙa ta tsallake haƙori ɗaya inji ya rikice, idan ta tsallake fiye da haka fistin ya daki bawul, inji ya buga. Jaguar ta koma mai jikin ƙarfe, kuma duk mai hankalin da ya sayi tsohuwar XK8 abin da yake fara tambaya ke nan.

A dukkan waɗannan misalai kamfanin da kansa ne ya sake zane, ya gwada, ya ce robar ba ta dace da wurin ba. Wannan daban yake da a ce duk inda aka ga roba a tumɓuke ta. Famfon ruwan injin M96 ya isa hujja. Farfelarsa ta roba ce, idan ta tsufa fikafikanta na karyewa, gutsattsarin su bi ruwa su toshe ƙananan hanyoyi a kan silinda, wurin ya yi zafi ya tsage. Sai 'yan kasuwa suka fito da famfo mai farfelar ƙarfe, mutane suka yi ta saye suna ganin sun rabu da matsala. Amma a wannan injin farfelar tana juyawa ne dab da jikin bulok ɗin inji, wanda alminiyum ne. Boris ɗin famfo kuwa dole wata rana ya yi wasa. Idan farfelar roba ce, ita ce za ta cinye, idan ta ƙarfe ce sai ta riƙa sassaƙar bulok ɗin, abin da ya fi komai tsada a motar. Shi ya sa ƙwararrun masu gyaran wannan inji da yawa ke ba da shawarar a zauna a kan farfelar roba, a riƙa canza famfon bayan 'yan shekaru tun bai gaza ba. Tankin alminiyum na kasuwa shi ma yana da nasa aibin: ba a ganin ruwa ta jikinsa, waldarsa kan tsage da girgiza idan ba gwani ya yi ta ba, na'urar auna ruwa ba kullum take zama daidai ba. Mai kyau a cikinsu yana aiki, ban ce a'a ba. Tambayar da ta kamata a yi a kowane wuri ita ce, idan wannan abu ya gaza, me zai ja ya tafi da shi? Tankin robar da ya yi shekara 15 ko 20 kafin ya tsage bai ci amanar kowa ba, sabon irinsa zai sake ba da wasu shekarun masu yawa.

Akwai kuma masu cewa abin da bai lalace ba a ƙyale shi, kuma suna da abin kafa hujja: sabon kaya na kasuwa sau da yawa bai kai tsohon na asali inganci ba, akwai tankunan da ba su da suna da ke tsagewa cikin shekara ɗaya ko biyu, ga shi duk buɗe tsohon inji yana zuwa da haɗarin karya wani abu. Wannan gargaɗi ne a kan irin kayan da za a saya da irin hannun da za a ba aiki, bai rushe maganar wa'adi ba. A sayi na kamfanin, ko na masana'antar da ke yi wa kamfanin, a bar mai arha, don araha ba ta ado. Kuma ba kowace roba ce ke buƙatar wannan tsanani ba. Murfin ado na saman inji, akwatin matatar iska, maƙalan waya, duk waɗannan idan sun tsage a liƙe su ko a bar su, babu abin da zai faru. Robar da ke riƙe ruwa, ko mai, ko sarƙar taimin, ita ce wadda faɗuwarta ke tafiya da inji, kuma kuɗin canza ta ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin sake gina injin Porsche, wanda a Boxster ta farko yakan kai kuɗin motar kanta ko ya wuce.

Maganar kayan hannu ta fi shafar mu kai tsaye. Boxster ba ta da yawa a titunanmu, amma BMW da Marsandi na wancan zamani, waɗanda suka shigo ta Kwatano da Legas, cike suke da irin wannan roba, kuma a Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas an saba jin cewa ɗan Beljiyam ya fi sabo. Ga giya ko ƙofa ko ƙarfen ƙafa, sau da yawa haka ne. Ga tankin ruwa kuwa, wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari a Turai sa'an wanda ya fashe ne, zafin da wannan ya sha shi ma ya sha. Ana iya tabbatarwa da ido: a jikin yawancin kayan roba akwai ɗan da'ira mai kama da agogo, lambobi 1 zuwa 12 a kewaye, kibiya a tsakiya tana nuna watan da aka zuba shi, lambobi biyu a gefen kibiyar suna nuna shekara. Wanda ya ga 01 a nan ya san abin da yake saye. Yanayinmu kuma ba ya yi wa roba sassauci. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, motar da ke tsaye a cunkoso da na'urar sanyi a kunne ɗakin injinta tanderu ne. A kan haka muke ƙara namu: a cika lagireto da ruwan rijiya zalla, wanda ke saurin tafasa, ba shi da maganin tsatsa, yana kuma barin ƙasa-ƙasa a hanyoyi, a cire tamostat a jefar da sunan ƙasarmu ba ta sanyi, alhali a injuna da yawa shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba.

Idan akwai laifin da zan ɗora wa kamfanoni, shirun da suka yi ne. Littafin sabis na mota yana faɗin ranar canza mai, da fulogi, da bel, da matata, amma ba ya cewa komai a kan tanki ko gidan tamostat, a Boxster da 996 ma ruwan sanyaya injin kansa ba a sa masa ranar canji ba, an ce na rayuwar mota ne. Mai mota ya karanta ya gaskata, bai san rayuwar da ake nufi ta fi tasa tsammanin gajarta ba. Wa'adin da littafi bai rubuta ba, bakanizai da ƙungiyoyin masu irin motocin ne suka gano shi da asarar injuna. Yanzu damuwar ta koma kan samun kayan. Ƙarfe ana iya sassaƙa shi a kowane lokaci idan akwai awo, amma roba sai da mazubinta na ƙarfe mai tsada, idan an jefar da shi ba mai sake yin sa saboda mota ɗari biyu. Kamfanonin sun fara farkawa: a 2017 Mazda ta buɗe shirin sabunta MX-5 ta farko a Japan tare da sake ƙera wasu kayanta, Nissan ta fara sake ƙera kayan Skyline GT-R samfurin R32 a wannan shekarar, a 2018 kuma sashen tsofaffin motoci na Porsche ya sanar da fara fitar da wasu kaya da injin ɗab'i na 3D, ciki har da wani ƙarfen kuloci na 959, motar da 292 kacal aka ƙera. Sai dai tankin da zai riƙe ruwa mai digiri 100 a ƙarƙashin matsi sama da shekara goma ba irin wannan aiki ba ne, har yanzu zubi ne ke ba da shi da inganci. Masu Boxster da 996 yawansu ya cece su, tankinsu yana nan a kantin kamfani. Masu motocin da aka ƙera kaɗan kuwa, da yawansu sai sun haɗa kuɗi a ƙungiya sun ba wata ƙaramar masana'anta aikin zuba musu ɗari ko ɗari biyu, kowa ya sayi biyu ya ajiye ɗaya a wuri mai sanyi da duhu.